Darasi na 9: Rawanin Soro da Takunkumin Fuska

Kafin a fara, sai wani ya karanta Kubawar Shari'a 22:8 da Matiyu 4:5-7.

'Yan'uwa ƙaunatattu, cikin Shari'ar Musa akwai wata ƙaramar doka wadda ba safai a kan yi wa'azi a kanta ba. An umarci mai gina sabon gida ya ja rawani kewaye da bisa soronsa, gama mutanen Isra'ila su kan hau can su sha iska. Maigida ya san iyakar soronsa, ko da duhu ba zai zame ba. Rawanin domin baƙo ne, da yaro, da tsoho. Idan wani ya faɗi ya mutu, alhakin jininsa yana bisa gidan.

Bari mu auna wani abin da ya faru a zamaninmu da wannan ma'auni.

Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na fari mai cutar korona a Nijeriya, a birnin Legas. Farkon watan Afrilu gwamnan Jihar Kuros Riba, Ben Ayade, ya hana kowa fita sai da takunkumi a hanci da baki, wata masaƙar tufafi ta gwamnati a Kalaba kuwa ta shiga ɗinka su. Da aka sassauta kulle a Legas da Ogun da Abuja ran 4 ga Mayu, Gwamnatin Tarayya ta wajabta sa takunkumi a bainar jama'a. A watan Janairu, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan ƙa'idodi masu ƙarfi: kada masu sujada su wuce rabin abin da ɗakin zai iya ɗauka, wanda ya ƙi bin doka kuwa ana iya cinsa tara, ko a ɗaure shi wata 6, ko duka biyu. A watan Disamba, 2022, aka janye wajabcin.

Me ya sa mahukunta suka yi haka? Ƙwayar wannan cuta tana fita tare da numfashi, da tari, da magana, balle waƙa da babbar murya. Mutum kuwa ya kan ɗauke ta kwanaki bai sani ba, yana jin kansa garau. Ƙyallen ba ya tare dukan abin da ke fita daga baki, amma yana rage shi. Watau amfaninsa mai yawa ga wanda ke zaune kusa da mu ne. Ashe, rawani ne a bisa soro.

Duk da haka gardama ta tashi cikin ikilisiyoyi. Waɗansu suka ce, wanda ya dogara ga Allah ba shi da bukatar rufe fuska. Ga wannan muna amsawa da labarin jaraba cikin jeji. Shaiɗan ya kai Ubangijinmu bisa ƙololuwar Haikali, ya ce masa ya dira, har ya jawo Zabura domin ya ƙarfafa maganarsa. Yesu ya ƙi, gama gwada Allah ba bangaskiya ba ne. In kuwa bai halatta mu jefa kanmu cikin hatsari domin mu gwada shi ba, yaya zai halatta mu jefa tsohuwar da ke zaune gefenmu a benci, wadda ciwon sukari ya riga ya raunana?

Waɗansu kuma suka ce, manya suna kafa doka su kuwa ba sa binta, talaka ne kaɗai a ke tsarewa a hanya. Ba mu ce wannan kuka ba shi da tushe ba. Manzo Bulus, cikin Romawa 13, ya koya mana mu yi biyayya ga mahukunta, ya kuma nuna an sa su ne domin alherin jama'a. Saboda haka wajibi ne mai kafa doka ya fara binta, ya sauƙaƙa ta ga marasa hali, ya kuma ɗage ta sa'ad da bukata ta wuce. Amma laifin mai mulki ba ya wanke mu. Cikin wannan sura manzon ya ƙarasa da cewa ƙauna ba ta cutar maƙwabci.

Yau dokar nan ta wuce, amma tarin fuka da ƙyanda har yanzu suna bin numfashi daga mutum zuwa mutum. Idan ɗayanmu yana fama da tari, kada ya jira sai gwamna ya yi shela. Ya rufe bakinsa, ya zauna kusa da taga, ya nemi likita. Dattawa kuwa kada su bari a kunyata kowa saboda takunkuminsa, a ce masa mai ƙaramar bangaskiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Domin wa aka ja rawanin soro?
2. Ina bambanci tsakanin dogara ga Allah da gwada shi?
3. Su wane ne raunana cikin taronmu, me kuma za mu yi musu idan wata annoba ta zo?

Addu'a: Ya Uba, ka ba mahukuntanmu hikima da gaskiya, ka ba mu zuciyar da ke kula da ran ɗan'uwa. Cikin sunan Yesu, Amin.