Yadda Tuƙi Ya Zube a Hannunmu

Duk wanda ya tsaya minti goma a bakin danja a cikin Kano ko Kaduna da yamma, lokacin da ake tashi daga kasuwa, zai ga abin da zai tayar masa da hankali. Danja ta nuna ja, mai adaidaita sahu ya kutsa, mai babur ya rufa masa baya, sai kuma wani dattijo mai kamala a cikin mota mai sanyi ya waiga hagu da dama, ya ga babu jami'i a kusa, shi ma ya taka. Wanda ya tsaya shi ne mai laifi. Shi ake cika wa kunne da hon, ana leƙowa ta taga ana ce masa ya tare hanya. Mun kai matsayin da mai bin doka ne yake jin kunya a kan titi.

A da, tuƙi sana'a ce da ake koya a hannun ubangida. Uba zai kai ɗansa tasha ya damƙa shi ga direban da ya yarda da shi, yaron ya fara daga ƙasa. Shi ne wankin mota da asuba, shi ne duba ruwan lagireto da baƙin mai, shi ne dirowa da gudu ya sa weji a bayan taya in an tsaya a tudu, shi ne ɗaure kaya da igiya, shi ne kwana a gindin mota yana gadi. Sai ya shekara da shekaru kafin a bar shi ya tayar da inji ya ɗumama shi da safe. Daga nan a ce ya yi ribas a cikin tasha. Daga nan a ba shi mota babu fasinja a miƙaƙƙiyar hanya, ubangida na zaune a gefe, idonsa a kan ƙafar yaron. Kafin ya zama direba ya riga ya san kukan inji mai lafiya da na maras lafiya, ya san kwanar da ba a shiga da gudu, ya san garin da shanu ke tsallaka titi da magariba. Akwai duka da wahalarwa a cikin wannan tarbiyya, kuma direbobin wancan lokaci su ma sun yi hatsari. Amma akwai wanda za a tambaya. In direba ya yi ganganci, abin da ake fara cewa a tasha shi ne, "Yaron wa ye?" Saboda wannan tambaya ubangida ba ya sakin mukulli sai ya gamsu.

Yau mako biyu ya isa. A kai mutum filin ƙwallon unguwa, ya zagaya gola sau kaɗan, ya iya sa giya ɗaya da biyu, shi ke nan ya zama direba. A takarda dokar tana nan: sai mutum ya cika shekara 18, ya je makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, jami'an duba motoci su gwada shi, sannan a ba shi lasisi. A aikace kowa ya san akwai masu riƙe da lasisin da ba su taɓa zama gaban mai gwaji ba, wani ne ya karɓi kuɗi da hoto ya kawo musu har gida. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988, zamanin Janar Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Kano ta ƙara da tata hukumar, KAROTA, a 2012. Hukumomi sun ƙaru, tituna sun faɗaɗa, gadojin sama sun yawaita, amma har yanzu alkaluman hukumar kiyaye haɗurra suna nuna fiye da mutum 5,000 na mutuwa a kan hanyoyin Nijeriya duk shekara. Waɗanda aka rubuta ke nan, ban da wanda aka ɗauka daga bakin titi aka yi masa sutura kafin la'asar.

In ka yi wa direban haya wannan magana, amsarsa ɗaya ce: rayuwa ta yi tsada. Wannan gaskiya ce, kuma bai kamata wanda ke da albashi ya raina ta ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai adaidaita sahu yana fitowa da safe da bashi a wuyansa: balas ɗin mai mashin, kuɗin mai, tikitin ranar, sannan cefane, sannan kuɗin haya da na makarantar yara da na wuta suna jiransa a ƙarshen wata. Wanda ke cikin wannan hali dole ya ji kamar kowane minti a bakin danja kuɗi ne ke zuba.

Sai dai a duba inda ake rage kashe kuɗin. Ƙaramar mota mai kujerar mutum huɗu ana ɗura mata shida, biyu a gaba, har direba ya riƙa cewa na kusa da shi ya ɗaga ƙafa zai canza giya. But ɗin a buɗe, buhuna sun danne bayan mota har tana shirin taɓa ƙasa. In an zo gangare, wasu kashe inji suke yi don tattalin mai, alhali injin ne ke taimaka wa birki, da ya mutu birkin zai yi tauri bayan taka ɗaya ko biyu, sitiyarin ma ya yi nauyi. Ga kuma taya. Duk taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a jikinta: lambobi huɗu ne a gefe, cikin ɗan zagaye mai tsawo, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana gargaɗin cewa tayar da ta wuce shekara huɗu ta tashi daga aiki, ko da zanenta bai goge ba. Amma je ka wajen masu sayar da taya ta hannu ka tsaya ka gani. Mai saye zai buga ta da ƙafa, ya shafa zanen, ya yi ciniki, ba zai taɓa sunkuyawa ya karanta lambar ba. Wannan tayar ce za ta hau kwalta mai zafi a watan Afrilu, da lodi ninki biyu, a gudun da ya zarce kilomita 100 da doka ta ƙayyade wa ƙananan motoci a babbar hanya. Abin da aka tsira da shi 'yan dubbai ne, abin da aka jefa cikin hatsari rayukan mutum bakwai. Mai motar da ya ɗora wa direbansa balas ɗin da ba zai fita ba sai da gudu da rashin barci, har yaron ya koma neman ƙwaya don ya iya jure dare, shi ma ya sani yana da kaso a cikin alhakin.

Masu hali kuwa ba su da ko wannan uzuri. Wane talauci ne ya sa uba ya miƙa wa ɗan shekara goma sha huɗu mukullin mota, yana murmushi wai yaro ya iya? Wace tsadar rayuwa ce ta kawo wasan mota a rakiyar amarya, samari zaune a kan tagogi, ana juya mota a tsakiyar titi tana hayaƙi, ana ɗauka a waya? Gidaje nawa aka shiga da guɗa aka fito da salati? Ma'aikaci da karatunsa zai bi hannun da ba nasa ba don kada ya zagaya shataletale, waya a kunne, in an tare shi ya fara kiran wani babba. Yaransa na kujerar baya suna kallo, suna koyo.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke rufe komai da kalmar ƙaddara. Mun yi imani da ita, babu wanda zai wuce kwanansa. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ɗora hukunci a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ga iyalan mamaci, da kaffarar 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Malamai sun bayyana cewa in dangi sun yafe diyya, kaffarar ba ta faɗi ba. Direbobi nawa ne suka buge mutum saboda gudu ko lalataccen birki, aka ce "mun bar wa Allah", suka koma kan hanya washegari ba tare da sun je gaban malami sun tambayi abin da ke kansu ba? Wasu ma ba sa tsayawa. Na san tsoron taron jama'a ne ke korar wasu, kuma ɗaukar doka a hannu shi ma wata lalacewar ce tamu, amma ofishin 'yan sanda mafi kusa yana nan ga mai son miƙa kansa.

Mu fasinjoji ma da hannunmu. Mu ne masu cewa, "Direba, taka mana, dare na yi." In wani bawan Allah ya ce a rage gudu, sauran ne za su taso masa kafin direba ya buɗe baki, a ce in yana tsoro ya sauka, ko ya sayi tasa. Da mutum uku za su haɗa baki a cikin mota su ce ba su yarda ba, da direba ya sassauta ƙafa, domin kuɗinsu ne a aljihunsa.

Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshi, ku ne kuka gaji iyayen gidan da. Babu motar da ke fita daga tashar Unguwa Uku ko ta Ƙofar Ruwa ba tare da mutuminku ya tsaya a gefenta ya yanki tikiti ba. Wanda ya iya ƙirga fasinja don karɓar kamasho zai iya ƙirga su don hana lodin da ya wuce kima, zai iya sunkuyawa ya duba lambar taya, zai iya kallon idon direba ya gane bai runtsa ba tun jiya, ya ce masa ya je ya kwanta, wani ya ɗauki layin.