Sunnar Allah a Cikin Motsi: Maƙala ga Masu Fara Karatun Fiziks a Dutsin-Ma da Kurfi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya kafa duwatsu suka tsaya, Ya saki ruwa ya gangara, Ya sanya wa kowane motsi ƙa'idar da ba ya ƙetare ta sai da izininSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, Allah Ya yi wa Dutsin-Ma baiwar zama garin karatu. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga makarantun sakandare da yara ke zuwa daga Kurfi da Safana da ƙauyukan da ke kewaye. Duk da wannan ni'ima, idan ka tambayi ɗan aji ɗaya na babbar sakandare darasin da ya fi jin tsoro, sau da yawa fiziks zai ambata. Na daɗe ina nazarin dalilin haka, kuma abin da ya bayyana gare ni abu biyu ne. Ana ba yara wannan ilimi hadda, alhali na gwaji ne. Sannan akwai wani ɗari-ɗari a zukatan wasu iyaye, suna ganin kamar baƙon ilimi ne da ke neman kawar da hannun Ubangiji daga halittarSa.

Bari mu fara da na biyun, domin shi ya fi nauyi. Wanda ya zauna gaban malamin tauhidi a zaure ya san rabon da Shehu Muhammadu Sanusi na Tilmisan, wanda ya rasu a 1490, ya yi wa hukunci: akwai na shari'a, akwai na hankali, akwai na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne mutum ya tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu saboda ya ga sun maimaitu tare, kamar wuta da ƙuna, ko abinci da ƙoshi, yana mai ƙudurta cewa Allah ne Yake halittar sakamakon, kuma da Ya so da Ya saɓa, kamar yadda wuta ta yi sanyi ga Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi. To, ka sani, ya kai ɗalibi, fiziks gaba ɗayansa a cikin wannan babi yake zaune. Aikinsa shi ne bin diddigin yadda Allah Ya saba gudanar da halittarSa, da auna wannan sabo, da rubuta shi da lambobi. Abin da littafin makaranta yake kira dokar halitta, malaminka na zaure zai kira shi al'adar da Allah Ya gudanar. Kuma Alƙur'ani mai girma, a Suratul Gashiya da wasu surori da yawa, ya umarce mu da duban raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, duba na mai lura.

Yadda ake wannan duba shi ne abin da ake fara koyarwa a makon farko, wato hanyar binciken kimiyya. Mutum ya lura da abu, ya yi tambaya a kansa, ya kawo zato, sannan ya shirya gwajin da zai iya ƙaryata zaton nasa. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce mai wuya, don rai yana son a gaskata shi. Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra a wajen 965, wanda ya yi rayuwarsa ta ilimi a Alƙahira, ya tarar da manyan masanan Yunan suna cewa haske daga ido yake fita ya je ya taɓa abin da ake gani. Bai karɓa don girman masu faɗa ba. Ya rufe ɗaki ya yi duhu, ya bar ƙaramar kafa, ya jera fitilu a waje, ya riƙa rufe su ɗaya bayan ɗaya yana kallon wane ɗigon haske ne ya ɓace a bango. Ta irin waɗannan gwaje-gwaje ya nuna a Kitabul Manazir cewa haske a miƙe yake tafiya, ya kuma kafa hujja cewa shi ne yake shigowa ido. Har littafi guda ya rubuta a kan shakkun da yake da su game da maganganun Baɗlamus, ɗaya daga cikin waɗancan masanan. Gani ya kori ji.

A nan akwai wata ɓarna da nake son malamai su tsaya a kanta. A ɗakin gwaji yaro yakan auna ƙaruwar gudun abu mai faɗuwa da lilon zare da dutse ya samu 9.3, ya san littafi ya ce 9.8, sai ya goge abin da idonsa ya gani ya rubuta na littafi, wani lokaci ma a yaba masa. Wannan ƙarya ce, ko da a kan lamba aka yi ta. Malaman hadisi sun kasance suna jefar da ruwayar mutum idan an kama shi yana gyara abin da ya ji don ya yi daɗin faɗa. Yaron da ya rubuta 9.3, ya zauna yana neman inda kuskuren ya shigo, ko daga agogo ko daga tsawon zare, shi ne ya yi kimiyya, kuma shi ne ya riƙe amana.

Gwaji ba ya yiwuwa sai da awo, awo kuma ba ya amfani sai an haɗu a kan ma'auni guda. Mai sayen hatsi ya san tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba, kuma kamun dogon mutum ya fi na gajere. Shi ya sa duniya ta yarda da mita ga tsawo, kilo ga nauyi, sakan ga lokaci. Musulmi bai kamata wannan ya zame masa sabon abu ba. Da mudun Annabi muke fitar da zakkar kono, da tsawon inuwa fiƙihu ya koya mana gane shigar Azahar da La'asar, kuma sura guda aka saukar da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu. A ƙasar Katsina aka haifi Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi rubutu a kan jadawalin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shehu Hasan Aljabarti. Lissafi ya daɗe a gidan nan.

Yanzu sai motsi. Ka tsaya bakin rijiya mai zurfi, ka saki ƙaramar tsakuwa, kada ka jefa, ka ƙidaya har ka ji ƙarar ruwa. A sakan na farko tsakuwar takan ci kusan mita 5. A na biyu ta ƙara 15, a na uku ta ƙara 25. Ka duba waɗannan lambobi da kyau: kashi ɗaya, kashi uku, kashi biyar. Idan ka ji ƙarar bayan sakan biyu, zurfin ya kai wajen mita 20, wato kimanin gaba 11 a lissafin masu haƙa. Abin da yake faruwa shi ne a kowane sakan gudun tsakuwar yana ƙaruwa da mita 9.8 a sakan, kuma haka yake ko a Kurfi ko a Makka, in ban da ɗan bambancin da ba ya kai a damu da shi a aji. Wannan tsari na ɗaya, uku, biyar, bakwai, Galiliyo mutumin Italiya ne ya fito da shi, ya buga a littafinsa na 1638. Da yake faɗuwa ta fi ƙarfin agogon zamaninsa, sai ya riƙa gangaro da ƙwallon ƙarfe a kan katako mai ɗan tudu, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya zuba daga mazubi.

Kafin shi, kusan shekara dubu biyu ana karantar da maganar Aristo, masanin Yunan, cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa. Kai ma za ka iya gwada ta yanzu. Ka saki dutse da fallen takarda tare, dutse zai riga. Ka dunƙule takardar nan tamau ka sake, za ka ga sun kusa sauka tare, alhali nauyinta bai canja ba. Ashe iska ce take riƙe ta. A 1971 wani ɗan sama jannatin Amurka, David Scott, ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka sauka lokaci ɗaya.

Gwajin da na fi so a sa kowane yaro ya yi da hannunsa shi ne na lilo. A samo zare mai ƙwari, a ɗaura dutse kamar girman ƙwai, a rataye a reshen darbejiya yadda daga maɗauri zuwa tsakiyar dutsen zai zama mita ɗaya cif. A ja shi gefe kaɗan a saki. Yaro ɗaya ya riƙe agogon waya, ɗaya ya ƙidaya zuwa da dawowa sau 20. Za su samu kusan sakan 40, wato sakan biyu kowane zagaye. Sai a canja dutsen da wanda ya ninka shi nauyi, a tambayi aji me suke zato kafin a saki. Mafi yawansu za su ce lokaci zai canja. A saki, lokaci yana nan yadda yake. Sannan a rage zaren zuwa santimita 25, zagayen ya koma sakan ɗaya. Daga waɗannan lambobi kaɗai yaro zai fitar da 9.8 ɗin nan da alƙalaminsa, ya ga cewa abin da ke littafi yana nan a ƙarƙashin bishiyar makarantarsu.

Me ke sa motsi ya canja? Amsar ita ce ƙarfi, na turawa ko na ja. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya faɗi cewa abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata da ba zai gushe ba in babu abin da ya tare shi. Niyuton na Ingila ya zo a 1687 ya tsara maganar cikin ƙa'idoji uku da lissafinsu. Ta farko: abin da ke tsaye yana nan tsaye, mai tafiya kuma yana ci gaba a miƙe da gudunsa, har sai wani ƙarfi ya shiga tsakani. Abin da ya sa amalanke yake tsayawa idan shanu suka daina ja shi ne gogayyar taya da ƙasa da ta ƙarfe da ƙarfe, kuma saboda ita ake zuba giris. Ta biyu tana cewa ƙaruwar gudu tana bin yawan ƙarfi, tana raguwa gwargwadon yawan kayan da ake turawa. Ta uku masuntan madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a kan kogin Karaduwa a 1983, kullum suna aiki da ita: filafili ya tura ruwa baya, ruwa ya tura kwalekwale gaba da ƙarfi daidai da wancan.

Ina son in daɗe kaɗan a kan hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi, domin a nan ne waɗannan ƙa'idoji suke taɓa rai. Motar da ke gudun kilomita 36 a awa tana cin mita 10 a sakan. Kafin direba ya ga yaro ya ƙetaro, ƙafarsa ta kai birki, wajen sakan guda ya wuce, mita 10 ta tafi. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, zai ci kamar mita 7. Idan gudun ya ninka ya zama 72, sakan ɗin nan zai ci mita 20, birki kuma ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi, kusan mita 30. Mota ɗaya, direba ɗaya, amma can ta tsaya cikin mita 17, nan sai ta kusa 50. Kuma idan babur ya tsaya farat ɗaya, jikin wanda aka goya ba ya tsayawa tare da shi, ƙa'idar farko tana wucewa da shi gaba. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma wanda ya san al'adar da Allah Ya gudanar a kan gudu da nauyi, ya ɗora mutum huɗu a babur ya murɗe totur ranar kasuwa, to ganganci ya yi, kuma za a tambaye shi a kan rayukan da ya ɗauka.

Kada ɗalibi ya ɗauka ƙa'idojin Niyuton wahayi ne. Bayan fiye da shekara ɗari biyu masanin fiziks Ainstain ya nuna suna da iyaka idan gudu ya kusanci na haske, kuma masana suka karɓi gyaran saboda awo ya goyi bayansa. Haka hukuncin al'ada yake, yana karɓar gyara. Abin da ba ya halatta shi ne a ƙi shi da jahilci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan da idan al'umma duka ta bari ta yi laifi, ya kuma yi kashedi cewa mai musun lissafin kusufin rana da wata da sunan kare addini cutar da addinin yake yi, domin wanda ya auna ya gani ba zai bar awonsa ba, sai dai ya fara shakkar mai musun da abin da yake karewa.

Saboda haka ina roƙon malaman fiziks na Dutsin-Ma da Kurfi, da ɗaliban Isa Kaita waɗanda gobe su ne malaman, kada rashin kayan ɗakin gwaji ya sa a wuce babin awo da motsi a kan allo kawai. Zare da dutse da tef ɗin tela da agogon waya sun isa zangon farko. Ina roƙon iyaye, idan yaro ya dawo yana tambayar dalilin abu, kada a ce masa ya cika surutu. Malamanmu na zaure kuma, idan kun zo babin hukuncin al'ada, ku gaya wa almajiranku masu zuwa boko cewa abin da suke aunawa da safe shi ne wannan da kuke karanta musu da yamma. Allah Ya buɗa wa 'ya'yanmu, Ya ba su ilimi mai amfani.