Laushi Daban, Kirki Daban: Darasi Daga Wuskin Alkama

'Yan uwa marubuta, mun san akwai wanda zai buɗe wannan shafi ya ci karo da kalmar wuski, ya yi tsaki ya ce me ya haɗa kifi da kaska? To, a yi mana uzuri a saurara. Hukuncin giya sananne ne a wurin kowane Musulmi, kuma ba shi muka zo taɓawa ba. Abin da ya kawo mu tambaya ce da ta shafi sana'armu ta alƙalami. Idan abu yana da daɗi da laushi, an kuma nuna gwaninta da haƙuri wajen yin sa, shin wannan ya isa a kira shi abin kirki? Idan kuwa bai isa ba, ta yaya marubuci zai yi maganarsa, bai yi ƙarya ba, bai kuma zama ɗan talla ba? Da gangan muka ɗauko misali daga ƙasa mai nisa, domin a duba al'amarin cikin natsuwa.

A ƙasar Amurka akwai wata barasa da ake kira burbon, wadda akasarinta a jihar Kentaki ake yin ta. A shekarar 1964 majalisar dokokin ƙasar ta ayyana ta a matsayin hajar da ta keɓanta da Amurka, kuma doka ta gindaya mata sharuɗɗa. Dole ne masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka jiƙa. Bayan an tsima hatsin an tace ruwansa ta hanyar tururi, dole a zuba shi a sabuwar gangar katakon itacen oak wadda aka babbake cikinta da wuta. Haka kuma ba a ɗura ta a kwalba da ƙarfin da ya gaza kashi 40 cikin ɗari na sinadarin da ke bugarwa. Sauran hatsin da ake haɗawa da masarar kuwa, galibi sha'ir ne da wani ɗan uwan alkama da suke kira rye, wanda ke sa wa barasar yaji da kaifi a harshe.

To, sai wasu suka ce a cire mai yajin nan a sa alkama a gurbinsa. Wannan ita ce wuskin alkama. Masana'antar Stitzel-Weller da aka buɗe kusa da birnin Louisville a 1935 ta yi suna a kanta. Daga baya, a 1953, wani mai suna Bill Samuels ya sayi wata tsohuwar masana'anta a garin Loretto, inda ya fitar da Maker's Mark a 1958, mai haɗin masara kashi 70, alkama 16, sha'ir 14. Kamfanin yana ba da labarin cewa da yake ba zai iya jiran shekaru kafin ya gwada kowane haɗi ba, sai aka riƙa gasa burodi da hatsi iri-iri, wanda ya fi daɗi a baki aka zaɓa.

Yanzu sai mu kasa kunne mu ji yadda mashayanta ke siffanta ta, domin nan ne ruwanmu ya shigo. Suna cewa tana da ƙamshin banila da zuma da ƙonannen sukari, wani lokaci har da na burodin da aka ciro daga tanda. Suna cewa ba ta ƙona maƙogwaro, a hankali take shiga, kuma a kurɓe ta kaɗan-kaɗan ake yi bayan an shaƙi ƙamshinta. Daga nan sai su zarce zuwa kalmomin da mu mutum muke ba su: wai tana da sauƙin kai, tana da sanyin hali, ta dattako ce, ba ta da fushi. Wato an ari rigar mutumin kirki an rataya wa kwalba.

Adalci ya wajaba ko a kan abin da muka ƙi. Babu shakka akwai gwaninta a wannan aiki, akwai kuma haƙuri. Ganga takan shekara shida ko fiye a rumbu, zafin bazara ya tura ruwan cikin katako, sanyin hunturu ya dawo da shi, ta haka ya samu launi da ɗanɗano. Kowace shekara wani kaso yana tsiyayewa ya bi iska, har suna kiransa rabon mala'iku. Akwai samfurin Pappy Van Winkle da ake ajiyewa shekara 15, ko 20, ko 23, ta yadda mai yiwuwa ne wanda ya cika gangar ba shi zai buɗe ta ba. Marubucin da ya rubuta littafi cikin mako uku ya ruga maɗaba'a yana da abin koyo a wannan jira.

Sai dai kuma haƙurin maƙeri ba shi ke nuna abin da wuƙa za ta yanka ba. Laushin da ake yabo a kan harshe ya tsaya. Kwalbar Maker's Mark tana ɗauke da kashi 45 cikin ɗari na sinadarin maye, kuma hanta ba ta tambayar ko alkama aka sa ko waninta. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa cikin rukuni na farko na abubuwan da ke haddasa cutar, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.6 ne suka mutu sanadin giya a 2019. Hasali ma, abin da ke ƙona maƙogwaro gargaɗi yake yi, mai laushi kuwa ya kawar da ɗan gargaɗin. Masu iya magana sun ce zuma ga zaƙi ga harbi, amma ita zuma ai tana nuna harbinta tun ba a kai ga saƙa ba.

Wasu abubuwa biyu da suka auku a 2013 sun ƙara fito da maganar fili. A watan Fabrairu kamfanin Maker's Mark ya sanar da cewa zai rage ƙarfin barasarsa daga kashi 45 zuwa 42 saboda buƙata ta yi masa yawa. Masu saye suka yi masa caa, cikin kusan mako guda ya janye. Ashe masoya laushi ba su yarda a taɓa ƙarfin da ke ƙarƙashin laushin ba. A wannan shekara kuma aka gano an sace kwalabe kusan 200 na Pappy Van Winkle mai shekara 20 daga ma'ajiyar masana'anta a birnin Frankfort. Abin da aka laƙaba wa sanyin hali, ga shi ya tayar da zafin kwaɗayi.

To, ina darasinmu? Mu marubuta mukan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Na farko shi ne mu zana mashayi kullum cikin kwata, da yagaggiyar riga, yana tangaɗi, kamar dai babu wani abu a cikin kofin da ya ja shi. Matashin da ya karanta wannan, ranar da ya tarar da abin a falo mai sanyi, a hannun mai fararen kaya da lafazi mai daɗi, zai ce ai ba wannan aka gargaɗe shi a kai ba, daga nan sai ya daina gaskata mu. Rami na biyu shi ne daɗin siffantawa ya kwashe mu, mu ba wa kwalba kirarin da ya dace da mutum. Adabinmu ya san ɓangarorin biyu tun tuni, domin Mu'azu Haɗeja ya rubuta waƙa yana sukar giya, Mamman Shata kuma ya rera A Sha Ruwa.

Hanyar da ke tsakani ba sabuwa ba ce. Duk wanda ya karanta aya ta 219 a Suratul Baƙara ya ga an ambaci amfanin da mutane ke samu a giya da caca, sannan aka auna shi da zunubin, aka nuna wanda ya rinjaya. Ba a ɓoye amfanin ba, ba a kuma bar shi ya yanke hukunci ba. Haka ya kamata alƙalaminmu ya kasance, ko giya muke siffantawa, ko mulki, ko dukiya, ko daɗin bakin mayaudari. Mu faɗi zaƙin yadda yake, har mai karatu ya gane dalilin da ya sa mai hankali ke faɗawa, sannan mu bi labarin har gida, mu nuna abin da ya samu lafiya da aljihu da iyali.

Kalmomi irin su kirki da dattako da haƙuri amana ce a hannunmu. Idan muka bari aka raba su ga duk abin da ya yi laushi a baki, ranar da za mu yabi mutumin kirki na gaske za mu tarar babu sauran kalmar da ta rage mana. Allah Ya sa mu riƙe amanar alƙalami, amin.