Maganin da Ke Cikin Ƙwan Kaza: Mun Taɓa Halittar Allah Ne?

A watan Disambar 2015 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da abubuwa biyu a lokaci guda: wani magani mai suna Kanuma, da kajin da ke samar da shi. Kajin nan ba na miya ba ne, doka ma ta hana a ci namansu ko ƙwansu. An dasa musu ƙwayar gado ta ɗan Adam, don haka idan suka saka ƙwai, a cikin farinsa akwai wani sinadari irin wanda jikina da naka ke ƙerawa. Ana fasa ƙwan, a ware farin, a tace sinadarin, a ɗura a 'yar kwalba, a yi wa jariri ƙarin ruwa da shi ta jijiya. Tsigar jikina ta tashi da na fara jin labarin, kuma tambayar da ta zo mini ita ce wadda kowane ɗalibin zaure zai yi: anya wannan ba shi ne canza halittar Allah da aka gargaɗe mu a kai ba?

Kafin hukunci, mu san abin da ake magana a kai. Kolestarol ba dafi ba ne kamar yadda ake ta tsoratar da mu. Da shi jiki ke gina bangon ƙwayoyin halitta, da shi hanta ke haɗa ruwan matsarmama. Jini ne ke kai shi ga kowace ƙwaya a ƙunshe da kitse. Ƙwayar ta haɗiye ƙunshin, ta tura shi wata 'yar jaka da ke cikinta, inda wani sinadari mai suna lipes, wato irin wanda ake tacewa daga farin ƙwan nan, ke kwance shi don a yi amfani da shi. Binciken wannan hanya ne ya sa Michael Brown da Joseph Goldstein suka sami kyautar Nobel a 1985. To idan babu lipes ɗin, ƙunshin ba ya kwantuwa. Kitse ya yi ta taruwa a jakar, ita kuwa ƙwayar tana zaton ba ta da kolestarol, sai ta shiga ƙera sabo.

A jikin jariri abin ban tausayi ne. Makonni kaɗan bayan suna sai amai da gudawa, nono ba ya zama. Hanta da saifa su kumbura, ciki ya yi tulu, jijiyoyi su fito raɗau a fatarsa, hannuwa da ƙafafu kuwa su tsotse. Likita Moshe Wolman ne ya bayyana cutar a 1956, kuma da sunansa ake kiranta. Galibin yaran ba sa cika shekara. A gwajin da hukumar ta dogara da shi, jarirai 6 cikin 9 da aka ba maganin sun kai wata 12 da rai. A cikin jarirai 21 da aka duba tarihinsu, waɗanda ba su sami maganin ba, babu ko ɗaya da ya kai.

Yanzu mu koma ga ayar da ke damuna, ta 119 a Suratun Nisa'i, inda aka ba mu labarin alwashin Shaiɗan na sa mutane su jirkita halitta. A wannan ayar aka ambaci tsaga kunnuwan dabbobi da masu bautar gumaka ke yi. Malaman tafsiri kuma sun fassara jirkitawar da abubuwa kamar dandaƙa, da zanen jiki, da karkatar da mutum daga addinin da aka halicce shi a kai. Abin da ya haɗa su duka shi ne ɓata abu mai lafiya saboda camfi ko son zuciya. Jaririn nan kuwa ba a ɓata komai a jikinsa ba. An mayar masa da abin da sauran 'ya'yan Adam suke da shi ne, shi ya rasa.

Sannan masanan ba su ƙago komai daga babu ba. Tsarin sinadarin suka tarar a rubuce a jikin mutum, suka kwafa. Kazar ma ba su ne suka koya mata cika farin ƙwai da furotin ba. Manomin da ya aura reshen mangwaro mai zaƙi a kan gindin wani bai halicci mangwaro ba, ya gano wata ƙofa ce da Mahalicci ya bari a buɗe. Ni a wurina, yadda jikin tsuntsuwa ke karanta rubutun da aka ciro daga jikin mutum ba tare da kuskure ba hujja ce cewa Mai rubutun ɗaya ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta duba batun sarrafa ƙwayoyin gado a 1998, ta halatta shi don rigakafi da magani, da sharaɗin kada cutarwarsa ta fi amfaninsa. Kuma tun 1982 masu ciwon sukari ke allurar insulin na ɗan Adam da ƙwayoyin bakteriya ke samarwa, bayan shekaru ana tatsarsa daga jikin shanu da aladu.

Halaccin bai sauke mana nauyi ba. Kajin nan rayuka ne, tsare a ɗaki don amfaninmu, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe su. Akwai kuma iyaka tsakanin cike giɓin mara lafiya da taɓa zuriyar ɗan Adam don a zaɓi launi ko tsawo. Na farko jinya ne, na biyu shi ne girman kan da ayar ke tsoratar da mu.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin. Maganin nan ba sha ɗaya warke ba ne, ƙarin ruwa ne mako-mako ga jarirai, har iyakar rayuwa, kuma kuɗinsa na shekara ya kai ɗaruruwan dubban daloli. Hadisi ya tabbatar mana cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Ga magani an gano, amma uwar da ba ta da hali za ta binne ɗanta kamar ba a gano ba. Idan akwai zunubi a wannan labari, a nan nake ganinsa.

Kuma abin ya shafe mu. Cutar gado ce da ke bayyana idan uwa da uba duk suna ɗauke da ita a ɓoye, kamar sikila: kowane ciki, ɗaya bisa huɗu ne yiwuwar ɗan ya kamu. Auren zumunci, wanda muke yi da yawa, yana ƙara damar haɗuwar masu ɗauke da irin wannan gado. Gidan da ya yi ta rasa jarirai da kumburin ciki ya cancanci gwajin asibiti kafin a ɗora wa mayu. Neman wannan ilimi farilla ce da wasu za su ɗauke wa sauran al'umma, kuma ina so in ga 'ya'yanmu a cikin masu ɗaukarta, suna da tsoron Allah da zai hana su sayar da ran jariri ga wanda ya fi tayi.