Tsakanin Allura da Makirfo

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, shekararta shida a ɗakin haihuwa. Ran nan bayan isha'i ta ce mini, "Yaya, so nake in ajiye aiki na shekara guda in gwada waƙa."

Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Masu naƙudar fa?" Ta yi shiru. Shirun nan ya hana ni barci.

Nauyin da ke kan mutum iri biyu ne. Akwai alkawarin da ya ɗauka da bakinsa, akwai kuma buƙatar jama'a wadda ba ta ƙarewa. Na farko bashi ne. Idan gwamnati ce ta biya mata kuɗin karatu bisa sharaɗin za ta yi aiki na wasu shekaru, dole ta cika. Dole ta sanar da wuri, ta miƙa aikinta a tsanake. Na biyu kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ƙarancin ma'aikatan jinya ba ita ta jawo shi ba, zamanta kuma ba zai magance shi ba.

Duk da haka tafiyarta tana da farashi, kuma wasu ne za su biya. Aikin daren da take yi zai koma kan abokan aikinta, waɗanda dama a gajiye suke. Ya kamata ta san haka, ta kuma faɗa musu da bakinta.

Na tuna Alberta Hunter, mawaƙiyar Amurka da aka haifa a 1895. Ita akasin haka ta yi. Bayan ta shahara ta bar waƙa, ta rage shekarunta a takarda, ta yi jinya kimanin shekara 20 a wani asibitin New York. Da aka yi mata ritaya a 1977 tana da shekara 82, sai ta koma waƙa, kuma jama'a suka karɓe ta. Muryarta ta jira ta. Sai dai ba kowace murya ke jira ba, ƙanwata kuwa tsoronta kenan.

Da safe na kira ta. Na ce ta nemi hutun da ba albashi, ta ci gaba da sabunta lasisinta, kada ta saki reshe ta kama ganye. Ta ce, "Idan waƙar ba ta karɓe ni ba fa, Yaya?"

Na ce sai ta dawo ɗakin haihuwa, ta san da zaɓinta ta dawo.