SAMARIN SIYASA: DAGA NEMAN SAWABA ZUWA ƊAUKAR GORA



Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ga tambayar da ya kamata kowane saurayi ya amsa kafin ya hau motar 'yan siyasa: shin manufa mai kyau tana halatta mummunar hanya? Tarihin ƙasarmu ta Kano ya ishe mu misali.

Ka sani, ranar 8 ga Agusta 1950 wasu mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda aka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Mudi Sipikin, da Magaji Ɗambatta, wanda a lokacin saurayi ne. A 1953 Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. Mece ce manufarsu? A daina zaluntar talaka. Dattawan Ɗambatta da Bichi da Kunci sun ba da labarin yadda ake shanya magidanci a rana saboda haraji, da yadda ake tilasta shi ya bar gonarsa ya je noman ta mai sarauta. Ƙin wannan gaskiya ne, kuma da yawa sun sha ɗauri a kansa.

To, amma dubi abin da ya biyo baya. Cikin shekarun 1950 aka sami gungun da ake kira 'Yan Mahaukata, masu goyon bayan NPC, suna tarwatsa laccar 'yan Sawaba da duka. Su kuma 'yan NEPU suka shirya nasu samarin don tsare taro da shugabanni. Ita kanta kalmar banga daga Turanci aka aro ta, ma'anarta masu shiga gaba. Sannu a hankali sai ta koma sunan mai gora.

A Jamhuriya ta Biyu aka ga amfanin hanyar hujja. Jam'iyyar PRP ta ci zaɓen Kano a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Ƙuri'a ce ta yi wannan aiki, bayan wa'azin siyasa na kusan shekara talatin. A nan kuma aka ga sharrin ɗaya hanyar. Jam'iyyar ta rabu biyu, Santsi da Taɓo, 'yan gida ɗaya suka shiga jifan juna. Ranar 10 ga Yuli 1981 aka yi tarzoma a Kano, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Wane talaka ne ya sami sawaba da wannan jini?

Watakila ka ce, "Ai Malam, su suka fara." Na ji. Kare kai daga mai kawo hari abu ne da shari'a da hankali suka yarda da shi. Amma wanda aka ba kuɗi da ƙwaya ya je kasuwar wani gari ya fasa kan wanda bai taɓa shi ba, wa yake karewa? Ya tashi yaƙi da zalunci, ga shi ya zama hannun azzalumi. Jinin mutum da dukiyarsa da mutuncinsa ba sa halatta don ya riƙe tutar da ba taka ba.

Kuma tuna inda kake zaune. A ƙasarmu gona tana jingine da gona, ba daji tsakani. Wanda ka sara ranar zaɓe, iyakarku ɗaya, rijiyarku ɗaya, shi za ka kira gayya, shi zai ɗauki makararka. Ɗan takara kuwa ya koma birni.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka shiga kowace ƙungiya ka auna ta da abu uku. Na ɗaya, wane zalunci take so ta kawar? Na biyu, me ta sa a hannunka, hujja ko makami? Na uku, in shugabanta ya karkace, kana da bakin gaya masa? In ta faɗi a ɗaya daga cikin ukun nan, koma gonarka, ka riƙe ƙuri'arka.

Allah Ya shiryi samarinmu, Ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinsa. Amin.