Tayi halal ne, amma ban da rantsuwar ƙarya

Jiya a Mahuta wani ɗan'uwa ya tare ni: "Malam, zan sayi sabon babur Boxer saboda hanyar gonarmu da damina. Neman ragi ya halatta?"

Ya halatta mana. Annabi (SAW) da kansa ya taya raƙumin Jabir ɗan Abdullahi, da aka zo biya har ya ƙara masa, kamar yadda ya tabbata a Bukhari.

Inda muke faɗawa shi ne: "Wallahi a can an sallama min ƙasa da haka," alhali ko shagon ba ka leƙa ba. Ka ci ragin dubu 20, ka kwashi rantsuwar ƙarya. Zaga shago uku tukuna, ka faɗi farashin da kunnenka ya ji. In dila ya ce albarka, ka ƙara ko ka wuce.